Amsa ga sabon dikin

Ɗana, ka ce ka yi shekara 3 a makarantar tauhidi ta Bajiniya a Amurka, amma tun da bishop ya ɗora maka hannu ka zama dikin, wato matakin da ke ƙasa da limamin coci, aikinka bai wuce kai Jibin Ubangiji, wato tsarkakakkiyar gurasar ibada, gidajen marasa lafiya da zaman kwamitin coci ba, wa'azi kuwa sai jefi-jefi. Kana tambaya yaushe za ka fara aikin gadan-gadan.

Ai ka riga ka fara. A Cocin Efiskofal na Amurka, dikin ba ya zama firist, wato limamin coci, sai ya yi aƙalla wata 6, bayan nan ma galibi mataimaki yake zama a ƙarƙashin wani babba. Dokar cocin kuma sai mutum ya kai shekara 72 da haihuwa take sauke shi, saboda haka mumbari ba zai gudu ba.

Ɗan akwatin nan da kake ɗauka, mai gurasar da aka tsarkake ran Lahadi, kada ka raina shi. In ka shiga ɗakin tsohuwar da ta daina gane 'ya'yanta, ban da sauri. Jawo kujera ka zauna inda za ta ga fuskarka, ka buɗe Littafin Addu'a na 1979, ka fara Addu'ar Ubangiji a hankali. Sau da yawa za ka ga bakinta yana bin ka. Ka gaisa da 'yar da ke jinyarta kafin ka fita, don ita ma a gajiye take. Ranar jana'iza, wannan gidan kai zai nema.

Kwamitin kuwa, jama'a ne suke zaɓensa a taron shekara, kuma kuɗi da gini a hannunsa suke: rufin da ke yoyo, kuɗin ɗumama coci da hunturu, albashin ma'aikata. Su ne suke zaɓen babban limamin coci da amincewar bishop. Tsarin ibada na limami ne, kuma da zarar an naɗa shi ba za su iya sallamarsa ba sai maganar ta je gaban bishop. Na ga limaman da suka dogara da wannan suka daina sauraron mutane, kujeru suka riƙa zama wayam, abin yana damuna har yau.

To, a zaman jibi ka je da takardar kasafin kuɗi a karance. Ka lura da wanda bai ce uffan ba, in an tashi ka bi shi waje ka ji ta bakinsa.