Tambaya da Amsa: Wai Turawan Ingila 'yan ƙasa ne ko baƙi?

Tambaya: Malam barka da aiki, wai da gaske ne kakannin Turawan Ingila ma zuwa suka yi daga wani wuri? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne 'yar uwa. Bayan mulkin Rumawa a Birtaniya ya ƙare wajen shekarar 410, ƙabilun Angil da Sakson da Jut suka riƙa tsallako teku daga arewacin Jamus da Denmak, su ne ma suka zo da yaren da ya zama Turancin yau. Ba su bar rubutu sosai ba, kaburburansu ne ke ba da labari.

A 1939 aka tona wani tudu a Sutton Hoo da ke yankin Suffolk a gabashin Ingila sai ga shatin jirgin ruwa mai tsawon mita 27, katakon duk ya ruɓe amma ƙusoshin na nan, ga hular yaƙi ga takobi ga zinare, harda faranti na azurfa tun daga Kustantiniya (Istanbul ta yau), kinga kenan kasuwancinsu ya yi nisa ba wasa ba. Masana da yawa na zaton kabarin Raedwald ne, sarkin Angil na gabas, wanda ya mutu wajen 625. Kuma fa ba wai ƙabilun nan sun share mutanen da suka tarar bane, gwajin DNA na ƙasusuwa ya nuna anyi auratayya sosai.