Amsa ga 'yar'uwar da kyanwarta ta mutu ba zato

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta abin da kika rubuta, cewa 'yar kyanwarki mai wata bakwai ta ci abincinta da daddare lafiya lau, har ta yi ta wasa da bakin zaninki, da asuba kika tarar da ita a ƙarƙashin gado ta riga ta sandare. Kin ce tun ranar abinci ba ya shigar miki, mutanen gida kuma sai dariya suke yi wai a kan mage kike zubar da hawaye. Kina tambaya ko sakacinki ne ya kashe ta, ko kuma kukan nan ya zama rashin tawakkali. Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya.

Kukanki ba laifi ba ne, kuma ba wauta ba ce. Ai sabo ake yi wa kuka. Halittar da take tarbarki a bakin ƙofa, ta san takunki daban da na kowa, ta naɗe a ƙafarki lokacin hunturu, dole rashinta ya taɓa ki. Masu dariyar ba mugunta suke nufi ba. Yawancinmu mun tashi muna kallon mage a matsayin mai kama ɓera kawai, in ta mutu a ja ta a yar a bola, shi ke nan. Wanda bai taɓa rainon dabba a hannunsa ba ba zai gane ba, kada ki wahalar da kanki wajen yi musu bayani.

Amma in wani ya kawo miki maganar addini don ya kunyata ki, ki tuna masa labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Manzon Allah (SAW) ya shigo gidan ya gan shi jugum, ya tambayi abin da ya same shi, aka ce ɗan tsuntsunsa ne ya mutu. Bai yi masa faɗa ba, bai ce tsuntsu ne kawai ba. Ya kira shi da alkunyarsa irin yadda ake kiran manya, ya ce: “Ya Abu Umair, me ya samu ɗan tsuntsun?” Wanda nauyin al'umma gaba ɗaya yake wuyansa ya tsaya ya lura da damuwar yaro a kan tsuntsu. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma, da ake karantawa a zaurukanmu, an zuba wa Abu Ƙatada ruwan alwala sai mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi, ya ce Annabi ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu ma, Annabi ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Harshe ake tsarewa, hawaye kuwa ba a hana shi ba.

Maganar sakaci ita ce na fi so in tsaya a kai, don na san ita ke hana ki barci. Ni ma na yi rainon wani muzuru mai ruwan toka, Toka ma muke ce masa, bai cika shekara ba. Wata rana da la'asar na ji wani irin kuka daga bayan randa wanda ban taɓa jin ya yi ba. Na tarar yana jan jiki da ƙafafun gaba, na baya sun saki kamar ba nasa ba. Da na taɓa tafinsu na ji sanyi ƙalau, bakinsa a buɗe yana haki. Na naɗe shi a tawul muka tari adaidaita sahu zuwa asibitin dabbobi, amma kafin magariba ya cika. Da safen ranar nan ya hau katanga ya sauko, ya ci kan kifinsa tas.

Likitan da ya duba shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Akwai ciwon zuciya da ke kama mage, naman zuciyar ya yi ta kauri a hankali ba tare da wata alama ba. Wani lokaci jini ya daskare a ciki, gudan ya ɓalle ya je ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ƙafafun baya, abin da ya samu Toka ke nan. Wani lokaci kuma zuciyar ce take tsayawa cak, ko a cikin barci. Shi ne ciwon zuciyar da ya fi yawa a mage, ya fi kama manya, amma ƙanana ma ba su tsira ba, kuma sau da yawa ko an sa abin awo a ƙirji ba a jin komai sai an yi hoton zuciya. Ya ƙara da cewa ɗabi'ar mage ce ɓoye ciwo. Ƙaramar dabba ce, a dawa in ta nuna rauni ta zama nama, shi ya sa take daurewa tana ci tana wasa har sai abin ya ci ƙarfinta, sannan ta nemi lungu ta shige. Shigewar da taki ta yi ƙarƙashin gado ke nan. Ba gudunki ta yi ba, wurin da ta fi amincewa da shi ta nema.

To ki duba, abin da likita da kayan aikinsa zai iya kasa gani, ta yaya ke za ki gan shi da ido cikin dare? “Da na sani” ɗin nan da kike ta nanatawa, Annabi ya ce “da” tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan, a ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Kin ciyar da ita, kin shayar da ita, kin ba ta wurin kwana, kuma an ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Wata bakwai ɗin nan a rubuce suke a wajen Allah.

Duk da haka akwai abubuwan da ya kamata ki bincika, ba don neman mai laifi ba, don kare sauran masu rai a gidan. Ki tambayi maƙwabta ko wani ya sa maganin ɓera kwanan nan. Mage tana iya cin abincin da aka barbaɗa wa maganin, ko ta ci ɓeran da ya ci. Wani nau'in yana tsinka jini ne a ɓoye, sai bayan kwana 3 zuwa 5 abin yake bayyana, dadashi ya yi fari fat. Ki tuna ko an yayyafa fiya-fiya a ɗaki don sauro ko kyankyaso, domin mage tana taka shi ta zo ta lashe ƙafarta, sai dalala da karkarwa. Sannan ki tambaya cikin hikima ko wani ya ba ta farasitamol don tausayi. Mutane da yawa ba su san cewa ƙwaya ɗaya mai 500mg tana kashe mage ba, hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fametirin, guba ne a jikinta.

Wanda ya fi ba ni tsoro ga masu irin shekarunta shi ne wata cutar mage mai kama da fabo, wato cutar amai da zawo ta 'yan kwikwiyo, wadda ke cinye hanji da ƙwayoyin garkuwar jiki. Takan zo da amai da zawo, amma a ƙananan mage tana iya kashewa cikin kwana ɗaya kafin a ga komai. Ƙwayar cutar tana iya yin shekara a daɓe da kwano da tsumma ba ta mutu ba, sabulu kuma ba ya kashe ta. In akwai wata magen a gidan, ki raba ta da wurin, ki wanke ko'ina da ruwan bilic, murfi 1 a murfi 32 na ruwa, tsummokaran da take kwana a kai kuma a ƙona su. Abu na ƙarshe, kuma kada ki ɗauke shi da wasa: in ta ciji wani ko ta yakushe shi a kwanakinta na ƙarshe, musamman in halinta ya canza, a je asibiti yau a faɗa musu, saboda cutar haukan kare tana kama mage, in alamunta suka bayyana a jikin mutum kuwa babu magani.

Game da zuciyarki, kada ki sa ran abin zai wuce lokaci ɗaya. Ni abin da ya fi karya ni ba ranar mutuwar ba ce, bayanta ne. In ina gyara busasshen kifi sai in ga hannuna ya ware kan a gefe da kansa, sai na juya zan ce “mus-mus” in tuna. Gashinsa ya daɗe yana fitowa a jikin dardumar sallata. In ganin kwanonta yana tayar miki da hankali ki ɗauke shi, in kuma ɗaukewar ce ke miki ciwo ki bar shi, babu wanda ya fi wani daidai. Abin da ya taimake ni shi ne mun haƙa rami a bayan gida mun binne shi, ba mu yar a bola ba, kuma na ci gaba da ajiye kaskon ruwa a gindin katanga don magen unguwa da tsuntsaye. In akwai yara a gidan ki gaya musu gaskiya cewa ta mutu, kada a ce ta gudu, don za su yi ta leƙa ƙofa suna jiranta. Ki daure ki riƙa cin ko ɗan kunu ne. In makonni suka wuce har yanzu ba ci ba barci, ki samu wanda kika yarda da shi ko likita ku yi magana, wani lokaci ƙaramin rashi yana tono babban da aka danne.

Za a yi ta kawo miki tayin wata kyanwar don a share miki hawaye. A ganina kada ki yi gaggawa, don za ki riƙa auna sabuwar da waccan, ki ƙi ta ba laifinta. In kin shirya, ki fara kai ta rigakafi kafin ta taka ɗakin nan. Ana farawa tun tana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ta kai mako 16, ta haukan kare kuma daga mako 12. Asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna duba mage, kuma yawancin manyan garuruwa akwai asibitin dabbobi na gwamnati.

In kin samu sukuni ki faɗa mana ko kin ga amai ko zawo ko kumfa a inda kika same ta, ko an taɓa yi mata allura, da kuma ko akwai wata magen a gidan yanzu, sai mu san abin da za mu ƙara miki.