Amsa kan kafson kurkum da kumburin gwiwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce gwiwarta na kumbura, an ba ku shawarar kafson kurkum, kina son sanin abin da ke ciki da ko yana aiki.

Na daɗe ina fama da gwiwa, na sha garin, na sha kafson, kuma ba ɗaya suke ba. Launin ɗorawar nan na kurkum sinadarai uku ne 'yan gida ɗaya ke kawo shi, babbansu kurkumin, wanda masana kimiyya Vogel da Pelletier suka fara warewa a 1815. A busasshen gari duka ukun ba su cika wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba, mafi yawan ragowar sitaci ne, sai ɗan mai mai ƙamshi. Kafso kuwa tatacce ne, wani ya kan kai kashi 95.

A ɗakin gwaji an ga kurkumin yana danne NF-kB, furotin da ke tayar da kumburi a jiki, yana kuma rage COX-2, wani furotin mai hannu a kumburi wanda magunguna irin su ibuprofen ke tarewa. Sai dai hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan da ya shiga ma hanta ba ta barinsa ya daɗe. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa shi da piperin, sinadarin da ke cikin masoro. Wani bincike da aka yi a Indiya a 1998 ya nuna piperin na ninka shigarsa jini sau 20.

To a nan nake jan kunne, domin wannan haɗin ya tashi daga kayan ƙamshi ya koma magani sosai. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya sun samu rahoton mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan irin wannan kafso, da yawa masu piperin. Idan Mama na shan maganin hana daskarewar jini irin su warfarin ko aspirin, ko tana da tsakuwa a matsarmama, kada ta fara sai da sanin likitanta.

Ni dai taurin gwiwa na safe ya rage mini, a hankali kuma, ba dare ɗaya ba. Kumburin bai sauka ba sai da na rage ƙiba. In kun fara, ki riƙa duba idonta da fitsarinta. Ido ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, a daina nan take a tafi asibiti. Haka ma in gwiwar ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, wannan ba aikin kurkum ba ne.