Ku Tambayi Inna: Mun kai shi lakwal, ya dawo mana da laka

An gama yankan hatsi, kara ya cika gari, iskar hunturu ta fara shigowa da asuba. Wasiƙun wannan karo duk a kan ƙananan yara suke, waɗanda ba su isa shiga CI, ajin farko na firamare, ba. Ta farko za ta ci wuri, don shekara 26 na yi ina amsa irinta a bakin ƙofar aji nan Tahoua kafin in ajiye alli.

TAMBAYA: Inna, ina wuni, ya gida, ya jikoki? Ɗana shekararsa 4 da wata 2. Da aka koma lakwal a watan Oktoba muka sa shi jardan, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Yau sati shida ke nan, kayensa na rubutu fari fat. Kullum ya dawo riga duk laka, aljihu cike da marafan kwalba. In na ce me kuka yi yau, sai ya ce mun yi saniya. Babansa ya ce in dai saniyar laka ce, akwai laka kyauta a bakin tabkin Babaye, cire shi zai yi. Ga ɗan maƙwabciyata sa'ansa, yana rera A, B, C har ƙarshe, yana ƙirga 50 da Faransanci. Ko an cuce mu ne?
Wata uwa, Sabon Gari, Tahoua

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, jikoki suna nan suna juya mini gida. Kafin ki yi fushi da Madam, malamarsa, ga wani gwaji. Kira ɗan maƙwabciyar, ki zuba dabino 7 a faifai, ki ce masa: ba ni huɗu. Na yi wannan da yara ba adadi. Da yawa daga masu rera 50 ɗin nan sai su damƙo cikin hannu su miƙo miki, ko su riƙa taɓa dabino ɗaya sau biyu, baki na gudu yatsa na biye a baya. Abin da suka haddace waƙa ce, kuma waƙa ba laifi ba ce. Amma ƙirga shi ne yatsa ya sauka a kan abu ɗaya, baki ya faɗi kalma ɗaya, sannan yaro ya gane kalmar ƙarshe ita ce yawan abin. Marafan da ke aljihun ɗanki aikinsu ke nan. Kada ki zubar, ki nemo masa gwangwanin madara ya riƙa tarawa.

Sai maganar kaye. Ɗauki fensir ki duba da yatsu nawa kika riƙe shi. Uku ne, kuma ƙarfin waɗannan ukun ba a haihuwar yaro da shi. Murza laka, fizge ƙaho daga kan saniya a manna mata, zura zare a hudar marfi, yaga takarda, ɓalle maɓalli, su ke gina shi. Akwai kuma tsarin da hannun yaro ke bi, wanda duk malamar jardan ta sani: wajen shekara 3 yana iya kwaikwayon da'ira, wajen 4 layi biyu da suka gitta juna, bayan nan mai kusurwa huɗu, mai kusurwa uku kuwa sai wajen shekara 5, don layin da ya karkace shi ne mafi wuya. To dubi harafin A da kyau. Layi biyu ne karkatattu da suka haɗa kai. Mu manya mun sa shi a farko don shi ne farkon jeri, alhali a hannun ɗan shekara 4 yana cikin na ƙarshe. Kayen da kika gani cike da A masu kyau a gidan wasu, sau da yawa hannun Madam ne a bisa hannun yaro. Na sani don ni ma na yi, a shekaruna na farko, saboda tsoron iyaye. Akwai wata yarinya da na matsa wa haka har ta kai in ta ga fensir sai ta ɓoye hannu a cikin hijabi. Sai da na kai ta ga tiren rairayi, tana ja da yatsa tana shafewa ba mai cewa ta yi kuskure, sannan hannun ya fito.

Ki faɗa wa maigida cewa lakar nan ba lalacin Madam ba ne, da ita aka kafa abin. Wani Bajamushe, Friedrich Fröbel, shi ya sa wa irin wannan makaranta suna a 1840, lambun yara, sunan da Faransawa suka fassara mu kuma muka gajarta muka ce jardan. Abin da yake ba yara shi ne ƙwallon zare, guntayen katako, takarda ta naɗewa da laka. A 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe tata a wata unguwar talakawa a birnin Rum. Yaranta shara suke, suna zuba ruwa daga wannan kofi zuwa wancan, suna shafa haruffa masu kaushi da yatsa kafin a ba su abin rubutu. Ranar da aka karanta mana wannan a makarantar horon malamai dariya ta kama ni, don kakata a ƙauye ba ta taɓa jin sunan matar ba, amma haka ta yi da mu: tsince tsakuwa daga wake, jera ƙwarya babba da ƙarama, kai wa kaji ruwa ba tare da an zubar ba.

Amma kada in zalunci maigidanki, tambayarsa tana kan hanya. Akwai wuraren da sunan jardan kawai gare su, ana tsare yara ne har azahar. Gani ya kori ji. Ki je wata rana wajen ƙarfe 10 ba tare da kin sanar ba. Duba ko Madam tana durƙusawa tana magana da yaro ɗaya ɗaya, ko tana can kan kujera da salula. Tambaye ta saniyar nan ta mece ce. Malamar da ta san aikinta za ta ce miki wannan satin dabbobin gida muke, mun ƙirga ƙafafu, mun ware manya da ƙanana, mun yi waƙa. In kika tarar da yara jere hannu a harɗe, shiru kamar an yi mutuwa, ga bulala a kan tebur, to wannan ajin ne abin gudu, ko kayensa ya cika har bango.

A gida ba sai kin kashe ko dala ba. Yanzu lokacin kara ne. A fere ɓawon, totuwar ciki ta zama jiki, ɓawon ya zama ƙafa da ƙusa, a yi gado, a yi mota, a yi tabarau. Fera aikin babba ne ko yayyensa, don ɓawon kara yana yanka kamar reza, shi nasa sokawa da haɗawa. Ki jiƙa ƙaro a ɗan ruwa ya kwana, da safe kin samu abin manna takarda. Launi kuma ruwan zoɓo ya ba ki ja, shunin wanki ya ba ki shuɗi, gawayi baƙi. In ya kawo miki saniyarsa, kada ki tsaya ga cewa ta yi kyau. Ki ce ina ɗan maraƙinta, wa zai kai ta kiwo, me ta ci yau. Da Hausa, ba kunya. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji da harshen gida a Zinder, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Yaron da ya iya jero labarin saniya daga fari har ƙarshe da harshen uwarsa, Faransancin CI ba zai gagare shi ba. Rigar kuwa, ki ware masa tsofaffi biyu na lakwal.

TAMBAYA: Inna, gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Adar ne, ina bida a Abijan, sau ɗaya nake zuwa gida a shekara. Ina da yaro ɗan shekara 3 da ƙanwarsa mai shekara ɗaya da rabi. Duk mai tafiya gida sai na ba shi mota mai batir ko bindiga mai wuta ya kai musu. Uwarsu ta ce kwana uku suke yi su lalace, na ƙarshen ma yaron ya ajiye motar ya shige cikin kwalin. Me zan saya wanda zai daɗe?
Wani uba, daga Abijan

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da sa'ar bida, ya maido ku lafiya. Yaronka bai raina kyautarka ba. Motar abu ɗaya ta iya, a danna ta yi ƙara ta tafi, kuma ya gama ganin wannan tun ranar farko. Kwali kuwa yau mota ne, gobe shago, jibi rumbu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne inda motocin da suka lalace suke yanzu. Ka kira gida yau ka ce a tattara su. Da yawa daga masu wuta da kiɗa suna da ƙaramin batir mai faɗi kamar kwabo, kuma in roba ta fashe yana faɗowa. Ƴar shekara ɗaya da rabi komai baki take kaiwa. In batir irin wannan ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2, tun yarinya ba ta nuna wata alama mai tsanani ba. In har ya faru, kada a sa ta amai, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti nan take a ce batir ne. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ana iya ba shi zuma cokalin shayi 2 duk minti 10 a kan hanya, tana rage ƙunar, amma ba ta fitar da shi, kuma ba a tsayawa neman zuma a bar tafiya.

Ga ma'auni mai sauƙi ga uwarsu. Ta haɗa babban yatsa da manuni ta yi zobe. Duk abin da ya shige wannan zoben, kimanin santimita 3 zuwa 4, ba na wanda bai kai shekara 3 ba ne. Marafan kwalbar da na yaba a sama suna ciki, haka tsakuwar carafke, gyaɗa, da fasasshen balan-balan, wanda ya fi su duka haɗari don yana manne wa hanyar numfashi. Yayan zai yi wasa da su, sai dai a kan tabarma, a kwashe a ƙirga in an gama. A kuma kula da abin da yara ke tsinkowa a bayan gida. Ƴaƴan zurma, na binidazugu da idon zakara suna da kyan gani, guba ne. Ruwan tumfafiya yana illata ido, ga shi yara na son fasa ƴaƴanta. Kwalbar fiya-fiya da ta maganin ƙwari na gona ba sa zama abin wasa ko an wanke su sau goma.

Abin saye: ƙwallo mai kyau, wadda ta fi ƙarfin baki. Littafin hotuna mai kauri, ko da rubutun Faransanci ne, uwarsu ta ba da labarin da Hausa. Sauran kuɗin ka aiko, a je wurin kafinta a nan gari a karɓi guntayen katako kamar 30, masu girman dunƙulen hannu, ya goge su sumul, kada a shafa fenti, don wani fentin yana da dalma. Nawa na gida jikoki biyar sun yi wasa da su, biyu ne kawai suka ɓata, ɗaya ma a murhu ya ƙare. Sannan tunda kana da WhatsApp, duk daren Juma'a ka ɗauki muryarka kana gatana, ta Gizo da Ƙoƙi ko wadda ka tuna, ka tsaya a tsakiya ka ce sai ya faɗa maka abin da ya biyo baya. Ɗan shekara 3 da ke ganin ubansa sau ɗaya a shekara muryar yake riƙewa.

TAMBAYA: Inna, ina aiki a ofis, ɗiyata shekara 2 da rabi. Ba ta buɗe baki ta ci abinci sai an kunna mata salula. In an karɓe, birgima.
Wata ma'aikaciya, Yamai

AMSA: Ɗiyata, ba zan yi miki faɗa ba, na san gajiyar wanda ya taso aiki. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce ƙasa da shekara 2 babu kallon allo, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a wuni, kuma yaro ya samu awa 3 yana motsa jiki. Ki fara da lokacin cin abinci kaɗai, ki bar sauran tukuna. Ki zauna ku ci kwano ɗaya, ki bar ta ta sa hannunta ko za ta ɓata jiki, taki salular ma tana ɗaki. Za ta yi birgima, wataƙila ta ƙi cin na rana ɗaya ko biyu, yunwa za ta kawo ta na dare. Sai dai ki haɗa baki da mai reno da babanta tun farko, in ba haka ba kina saƙa ana warwarewa.

TAMBAYA: Jikana namiji, shekara 4, ya fi son zama cikin ƴan mata suna tuwon ƙasa, har da goya ƴar tsana. Na hana, ya ƙi. Ina tsoron abin da zai zama.
Wata kaka, Wadata, Tahoua

AMSA: Hajiya, ke da ni mun ga jiya, bari in faɗa miki kai tsaye. Ran Lahadi in kin shiga kasuwa ki duba mai shayi, mai tsire, mai kilishi da mai burodi, ki ga ko akwai mace a cikinsu. Yaro abin da yake gani a tsakar gida yake kwaikwayo, kuma a shekara 4 tsakar gida ita ce duniyarsa. A ajina maza sun yi tuwon ƙasa, mata sun ja motar kara, na ga girmansu duka. Nan da shekara biyu za ki neme shi ki rasa, yana waje yana kokowa da sa'o'insa yana cewa shi ne mai takobi, wato zakaran kokowa. In ya kawo miki tuwon, ki karɓa da hannu biyu, ki ce gishiri ya yi kaɗan.