Tun da aka sallame ta daga asibiti idonta ke hazo, ga mantuwa: maganin sikila ne ya jawo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 24 tana da sikila tun tana ƙarama. Tela ce, tana da ɗan shagonta a nan Aboabo. Wata takwas da suka wuce ciwo ya kama ta a ƙirji har numfashi ya gagara, ta kwana 12 a asibiti, aka sa mata jini leda biyu. Da za a sallame mu aka ɗora ta a kan wani magani, haidroksiyuriya, kullum take sha. Alhamdu lillahi ciwon ƙashi ya yi sauƙi ƙwarai. To amma daga baya ta fara cewa tana ganin wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo a idonta na hagu, ko zare sai ƙanwarta ta zura mata a allura. Ga mantuwa. Za ta auna mutum, kafin ta ɗauko biro awon ya ɓace mata, sau biyu tana sa wa masu ɗinki rana tana mantawa. Gwaggonta ta ce maganin ne ya fi ƙarfinta, wasu kuma sun ce jinin wani da aka sa mata ne ya juya mata kai. Mu dakatar da maganin ne?

Wata uwa daga Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki wahalar jinya, don wanda ya raini mai sikila har ta kai shekara 24 ya san abin da ake kira kwanan zaune.

Kada ku dakatar da maganin da kanku. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarki ma ba maganin ba ne, ƙudajen nan ne da take gani. Ina roƙonki a cikin makon nan, kada ya wuce, ku kai ta sashen ido na Asibitin Komfo Anokye, wato Gee, ko duk inda kuka san akwai likitan ido na sosai. Da kun shiga ku ce: tana da sikila, muna son a duba bayan idonta.

Bari in yi miki bayanin dalili. A can ƙuryar ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa da muke kira retina, ita ke ɗaukar hoton duk abin da mutum ya kalla ta aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da gefe-gefenta sun fi silin gashi siranta. Ƙwayoyin jinin mai sikila, da suke lanƙwashewa kamar lauje, sukan maƙale a cikinsu su toshe hanya, kamar yadda suke yi a ƙashi. Bambancin kawai shi ne ƙashi yana kuka, retina ba ta yi. Babu zafi ko kaɗan. Idan wurin ya daɗe ba ya samun jini, sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi don ya ceci kansa, su bazu kamar mahuci. Sai dai jijiyoyi ne marasa ƙwari. Abu kaɗan sai su fashe, jini ya tsiyaya cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika tsakiyar ido. Ɗigon jinin da ke yawo a ciki shi ne mai ido yake gani kamar ƙuda, ko yanar gizo-gizo, ko hayaƙi. In aka bar shi, tabon da ya bari yakan janyo retinar ya ɓamɓaro ta daga bangon ido, kuma daga nan ne makanta ke shigowa.

Ban ce lallai abin da ya same ta ke nan ba, tunda ban leƙa idon ba. Akwai masu ganin irin waɗannan ƙudaje ba tare da wata cuta ba. Amma ga mai sikila, a ido ɗaya, a wannan shekarun, ba ma yi masa kyakkyawan zato sai mun duba.

Ba ki faɗa mini wace iri ce da ita ba, SS ko SC, kuma a maganar ido wannan tambaya ce babba. Mutane sun ɗauka SC ita ce mai sauƙi, don masu ita ba su cika kwanciya asibiti ba. A ido kuwa ita ce ta fi ɓarna, nesa ba kusa ba, musamman daga shekara 20 zuwa 40. Nau'in jinin C ɗin nan babu inda ya fi yawa a duniya kamar arewacin Ghana da Burkina Faso, mu 'yan zango kuwa gida nawa ne ba shi da kaka daga Moshi ko Dagomba? Tun 1995 aka fara gwada jarirai a nan Kumasi, aikin da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranta, kuma abin da gwajin ya nuna shi ne kusan biyu cikin kowane jariri ɗari suna zuwa da cutar, masu SC a cikinsu ba su yi nisa da rabi ba. Ki duba katinta na asibiti, a rubuce yake. Ko SS ce, a duba idon, don su ma yana kama su.

Kada ku tsaya wurin mai sayar da tabarau. Cutar daga gefe take farawa, mutum zai karanta haruffan allo tsaf alhali gobara na ci a baya. Sai an ɗiga mata maganin da ke buɗe baƙin ido, a jira kamar rabin awa, sannan likita ya haska ya ga gefen retinar. Bayan ɗigon za ta yi 'yan awanni tana gani dishi-dishi, rana kuma za ta dame ta, saboda haka a raka ta, kuma ta haƙura da keken ɗinki a ranar. Idan an ga sababbin jijiyoyin, wasu sukan bushe da kansu, sai a riƙa bibiya. Wasu a ƙone su da hasken leza, wani lokaci a yi allura a idon, in jini ya yi yawa ko retina ta ɗago a yi tiyata. Ƙa'idar da muke bi ita ce duk mai sikila a fara yi masa wannan dubawar tun yana shekara 10, a maimaita duk shekara ɗaya ko biyu, ko da yana gani garau. Gaskiya mu ma likitoci mukan shagala da ciwon ƙashi mu manta da tura mutane.

Akwai wani saurayi mai gyaran waya a Adum da ya zo wurina neman maganin ciwon baya kawai. Ina rubuta masa, sai na ce ya rufe idon dama da tafin hannu ya dube ni. Ya yi shiru, ya sauke hannun, ya sake rufewa, sannan ya ce, "Likita, rabin fuskarka babu." Bai taɓa sani ba, don ido mai lafiya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ki sa 'yarki ta yi haka yau: ta rufe ido ɗaya ta kalli bakin ƙofa, ta sauya. Idan ta ga wani sashe ya yi duhu kamar an saki labule, ko tana ganin walƙiya, ko ƙudajen sun ƙaru farat ɗaya, to maganar mako ta tashi, a ranar za ku tafi.

Wani abu da nake jin tsoro a unguwanninmu shi ne maganin ɗigon ido da ake saye a kemis babu takarda. Da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, irin su deksametason, wanda in aka daɗe ana ɗigawa yake hawar da ƙarfin ruwan ido ya kashe jijiyar gani, ko ya kawo yanar ido. Sitiroyid ɗin ne kuma a cikin ƙwayoyin ƙiba da wasu mayukan bilicin. Ga mai sikila, shan sa ma yakan tayar da ciwon ƙashi. In akwai ɗaya daga cikinsu a ɗakinta, a kai wa likita ya gani.

Yanzu maganin da ake zargi. Aikin haidroksiyuriya shi ne ta sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa. Shi ya sa ciwon ƙashinta ya lafa. An gwada shi a kan ɗaruruwan yara a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, zazzaɓin cizon sauro ya ragu, mace-mace ma sun ragu. Yana da nasa laifin, ba zan ɓoye miki ba: yakan duhunta farce da fata, yakan ɓata ciki, kuma yakan rage fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. In waɗannan na ƙarshen suka faɗi ƙasa sosai, jini na iya zuba ko'ina, har cikin ido. Don haka ba a shan sa sai da gwajin jini a kai a kai, kuma in ta daɗe ba ta yi ba, ta yi a makon nan. Amma ba a san shi da cin retina ba, ba a kuma san shi da jawo mantuwa mai ɗorewa ba. In kuka ajiye shi, kun bar jaki kuna dukan taiki, kuma ciwon ƙirjin da ya kusa tafiya da ita na iya dawowa. In maganar aure ta taso, ta gaya wa likitanta kafin ta ɗauki ciki, don a nan akan sake lissafi.

Batun jinin wani kuwa, ki kwantar da hankalin masu faɗa. Jini ba ya ɗauke da tunani ko halin mai shi. Jar ƙwayar jini ba ta wuce kwana 120 a jiki, wanda aka sa mata wata takwas baya ya ƙare tuni. Akan samu wanda ƙarin jini ya jawo wa ciwon kai mai tsanani ko rikicewar gani, amma a kwanakin farko ne. Masu karɓar jini duk wata su ne ƙarfe ke taruwa a jikinsu, har a ba su maganin fitar da shi, wanda shi kam yakan taɓa ido da kunne. Leda biyu ba ta kai ta can ba.

To mantuwar fa? Na yarda da ke cewa bayan asibiti ta fara, amma ina ganin abin da ya kai ta asibitin ne ya kamata a tuhuma. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye iska, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. A kwanakin da ƙirji ya toshe, jini ya yi ƙasa, ta sha yunwa ƙwarai. A irin wannan lokaci ƙananan jijiyoyin cikinta sukan toshe, wani ɗan wuri ya mutu, ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba, ba tare da baki ya karkace ba. Kusan ɗaya cikin ukun masu SS sun riga sun gamu da irin wannan kafin su kai shekara 18, kuma yawan yana ƙaruwa da girma. Abin da yake taɓawa shi ne daidai abin da kika bayyana: riƙe lamba a ka na ɗan lokaci, tattara hankali, tsara aiki. Mutum bai manta sunan uwarsa ba, bai manta Fatiha ba, amma awon kafaɗa ya kuɓuce masa tsakanin tef da littafi. Sai a ce masa malalaci ko marar kula, shi kuwa yana iya ƙoƙarinsa. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI ne ke nuna wannan, na CT yakan wuce bai gani ba. Yana da tsada, na sani, amma ki tambayi likitanta kai tsaye ko ya ga dacewar a yi, don in an gani yana sauya irin kulawar da za a ba ta.

Kafin a kai can akwai abubuwa masu araha da nake fara bi. Nawa ne awon jininta yanzu? Tana samun barci, ko tana munshari tana farkawa a gajiye? Har yanzu tana shan maganin kashe zafi na tiramadol ko wani mai ƙarfi irinsa? Waɗannan suna dusashe tunani sosai, kuma mutane sukan ci gaba da saye bayan sallama. Ki kuma dube ta da idon uwa: wadda ta ga mutuwa kusa-kusa takan dawo da damuwa da ba ta faɗa wa kowa, kuma zuciyar da ke cike ba ta riƙe awon riga. A gwada sukari da ƙoda. A gwada bitamin B12, wannan ina so ki rubuta shi a takarda. Ƙarancinsa yana kawo mantuwa da raunin gani tare, folik asid da masu sikila ke sha kullum yakan ɓoye alamarsa a gwajin jini, haidroksiyuriya kuma tana ƙara girman ƙwayoyin jini kamar yadda ƙarancin ke yi, sai likita ya ɗauka aikin magani ne. In shi ne, allura ce take gyarawa.

Duk ranar da kika ga bakinta ya karkace, ko magana ta harɗe, ko ɓari ɗaya ya yi nauyi, ko ta yi farfaɗiya, ko da abin ya wuce cikin minti biyar, ku kira lambar gaggawa ta 112 ko ku tari mota ku nufi sashen gaggawa. Addu'a da tofi a yi su a hanya.

A shago kuma, ta daina dogara da ka. Ta riƙa faɗin awo da ƙarfi ƙanwarta na rubutawa nan take, ranar karɓar ɗinki a rubuta a kalanda a bango, ta kuma sa waya ta tuna mata. Ta ƙara haske a kan keken, ta ajiye gorar ruwa kusa da ƙafarta, musamman in hunturu ya shigo. Ranar asibiti ku zuba duk abin da take sha ko ɗigawa ko shafawa a leda ɗaya, har da na gargajiya, ku tafi da shi. In kun shiga wurin likita, Hajiya, ki bar ta ta yi bayani da bakinta tukuna, ke ki cike abin da ta manta. Ki rubuto mini abin da likitan ido ya gani, da kuma ko SS ce ko SC.