Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Spore da Ƙirar Dabbobi a Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 13 ya shaƙu da wani wasan kwamfuta mai suna Spore, inda yake zana dabbobi masu siffofi iri-iri yana cewa yana bunƙasa jinsinsu. Ina neman a yi mini bayanin wasan, a kuma faɗa mini ko akwai ilimi a cikinsa. Daga wata uwa a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kamfanin Maxis na ƙasar Amurka ne ya ƙera Spore, kamfanin Electronic Arts kuma ya fitar da shi kasuwa a watan Satumba na 2008, ƙarƙashin jagorancin Will Wright, mutumin da ya ƙirƙiro wasannin SimCity a 1989 da The Sims a 2000. Wasan yana da matakai biyar. Mai wasa yakan fara da 'yar ƙwayar halitta da ke iyo a ruwa tana neman abinci, kuma tun a nan zai zaɓa mata cin tsiro ko cin nama ko haɗa su biyun. Daga nan sai ta samu ƙafafu ta hau tudu, inda za ta riƙa ƙulla zumunci da wasu dabbobi ta hanyar waƙa da rawa, ko kuma ta yaƙe su. Mataki na uku shi ne zaman ƙabila da wuta da kayan aiki, na huɗu gina birane, na biyar kuwa fita sararin samaniya da kumbo. Ya kamata ki sani cewa a matakin birane ana mallake garuruwan maƙwabta ta hanyar yaƙi ko ciniki ko yaɗa wani addini na ƙage, kuma hukumar da ke tantance wasanni a Amurka ta ware shi ga masu shekara 10 zuwa sama.

Abin da ya fi jan hankalin yara shi ne fagen ƙira, inda mutum yake miƙe ƙashin bayan dabbarsa ko ya lanƙwasa shi, ya dasa mata baki da idanu da ƙahoni a inda ya ga dama, sannan manhajar ta lissafa da kanta yadda dabba mai ƙafa uku ko bakwai za ta yi tafiya. A ganina nan ne amfanin wasan yake, domin yaro yana gane cewa kowace gaɓa tana da aikinta da kuma tsadarta, tunda makin da yake kashewa wajen sayen gaɓoɓi ƙididdigagge ne, wanda ya zuba shi duka a kan farata da haƙora zai rasa na gudu.

Sai dai ina roƙonki da ki fahimtar da shi cewa wasan ba darasin nazarin halittu ba ne. A watan Oktoba na 2008 mujallar Science ta ba wasu masana shi domin su auna shi, masanan halittu kuwa suka kayar da shi a fanninsu, kuma dalilinsu a fili yake. A cikin Spore dabba guda ce take sauya siffa nan take bisa son ran mai wasa, alhali abin da masana suke bayyanawa shi ne cewa 'ya'yan jinsi guda sukan bambanta kaɗan-kaɗan, waɗanda bambancinsu ya dace da muhalli su fi rayuwa su fi hayayyafa, har bayan zuriya mai yawa a ga siffar ta yaɗu. Mun ga misalin wannan a gidajenmu, domin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da suka jure wa kulorokwin su ne suka wanzu suka yawaita, har ta kai Najeriya ta sauya maganin da take fara bayarwa a 2005.

Idan ana neman abin da wasan ya fi kama da shi, to zaɓen iri ne, wato aikin da manomi da makiyayi suka gada, wanda kuma ake yi a ilmance a nan jiharmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin masara da ake kira SAMMAZ da irin wake na SAMPEA, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kuma ta samar da kajin ƙwai na Shika Brown, duka a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A can ma mutum ne yake zaɓa, amma daga cikin abin da ya tarar, kuma sai ya jira shekaru kafin ya ga sakamako. Yaron da ke sha'awar Spore ya cancanci a ba shi labarin waɗannan cibiyoyi, in da hali ma a kai shi. Batun hukuncin zana masu rai kuwa fage ne na malaman addini, su ya dace ki tuntuɓa.

Tambaya: Malam, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka gare ni, kuɗin data kuma ya yi mini yawa. Wasan zai yi a kanta? Akwai kuma wanda ya fi shi bin kimiyya? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, wasa ne da aka yi wa kwamfutocin 2008, saboda haka yawancin tsofaffin kwamfutocin da ake sayarwa a yau za su ɗauke shi ba tare da wahala ba. Ana sayensa a Steam da GOG, wato shagunan sayar da wasanni a intanet, kuma bayan saukewa ana iya buga shi ba tare da intanet ba; abin da za ka rasa kawai shi ne Sporepedia, rumbun da 'yan wasa suke musayar dabbobin da suka zana. Ka guji kwafin sata, domin sau da yawa yakan zo da manhajoji masu lalata na'ura. Game da tambayarka ta biyu, ka nemi wasan Thrive, wanda wasu 'yan sa-kai suka daɗe suna ginawa, ana kuma samunsa kyauta a shafinsu. Ya fi mayar da hankali a kan matakin ƙwayar halitta, inda dole ka lura da sukari da iskar oksijin da yadda ƙwayar take samar da makamashi, sauran jinsunan da ke kewaye da kai kuma suna sauyawa da kansu ba tare da sa hannunka ba.