An kama ƙanena da laifin haɗa baki a safarar ƙwaya, alhali ba a same shi da komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina rubuto maka ne hankalina a tashe. Ƙanena direban tasi ne a Bronx da ke birnin New York, shekararsa tara a Amurka da katin zama na dindindin. Mako biyu ke nan jami'an DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, suka buga masa ƙofa da asuba suka tafi da shi. Takardar tuhumar ta haɗa mutum bakwai, wai sun haɗa baki wajen rarraba wata muguwar ƙwaya mai suna fentanil, giram 400 ko fiye. Wallahi sun birkice gidan da motar, ko ƙwaya ɗaya ba su samu ba. Abin da ya gaya min a waya daga gidan yari shi ne wani abokinsa kan ba shi saƙo ya kai New Jersey ya biya shi, bai taɓa buɗewa ba. An hana shi beli. Manyanmu sun ce ya nemi ganin jami'an ya yi musu bayani tunda mai gaskiya ne. Wani kuma ya ce a ba shi dala dubu goma sha biyar, ya san wanda zai kashe maganar. Lauyan da kotu ta ba shi ya ce ya yi shiru kawai. Wa za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo sauƙi, ya fitar da shi lafiya. Lauyan za ku bi. Kuma tun daga yau, ke da shi ku daina maganar shari'ar nan a waya. Muryar da kike ji a farkon kowane kira tana cewa ana naɗa, da gaske take, kuma abin da ya gaya miki game da saƙon New Jersey ki ɗauka ya riga ya isa teburin lauyan gwamnati. Yin magana da Hausa ba ya ɓoye komai, suna da masu fassara. Ke kanki za a iya kiran ki shaida, domin doka ba ta ba hirar yaya da ƙane kariyar da ta ba hirar lauya da wanda yake karewa ba.

Yanzu ga maganar da nake ji kusan kullum, wadda ta fi komai jefa mutanenmu cikin rami: "ai ba a kama shi da komai ba." Hajiya, a tuhumar haɗa baki wannan magana ba ta fitar da kowa. Sashe na 846 na dokar miyagun ƙwayoyi ta tarayya yana hukunta yarjejeniyar ce kanta, kuma hukuncinsa daidai yake da na wanda aka kama da kayan a aljihu. Tun 1994, a shari'ar Shabani, Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ba ta ma buƙatar nuna wani aiki da aka yi don cika yarjejeniyar. Abin da take nema ta tabbatar shi ne akwai yarjejeniyar safarar ƙwaya, kuma ƙanenki ya san da ita ya shiga da son ransa. Ba sai an rubuta ba, ba sai ya san sauran mutum shidan ba, ba sai ya taɓa hodar da hannunsa ba. Sannan akwai ƙa'idar Pinkerton ta 1946, wadda ke ɗora wa mutum laifin da abokan haɗin bakinsa suka yi don ciyar da harkar gaba, muddin abu ne da zai iya hangowa.

To da me ake tabbatar da yarjejeniyar da babu takarda? Da magana. Hirar waya da aka naɗa, saƙonnin WhatsApp, bayanan inda wayarsa ta je, da bakin ɗaya daga cikin mutum shidan nan wanda ya ga shekara goma a gabansa ya ce zai taimaki gwamnati. Dokar shaida ta tarayya ta yarda a kawo maganar da abokin haɗin baki ya yi a lokacin harkar a kafa hujja da ita a kan sauran. Duk da haka, a shari'ar ɗan aike irin ƙanenki, akwai wurin da gwamnati ta fi rauni, wato tabbatar da cewa ya san abin da ke cikin saƙon. Zama kusa da masu laifi kaɗai ba laifi ba ne a doka, haka ma kai su wuri a mota ba tare da sani ba. Wannan giɓin shi ne babbar kariyarsa, kuma shi ne giɓin da manyanku ke son ya je ya cike wa jami'ai da bakinsa.

Bari in nuna miki yadda abin ke faruwa, domin na karanta irin rahoton nan fiye da yadda nake so. Wani da na taɓa karewa ya zauna da jami'ai biyu da niyyar wanke kansa. Ya ce bai san komai ba, saƙo kawai yake kaiwa. Suka ce sau nawa? Ya ce kamar sau shida. Nawa ake ba ka? Dala ɗari biyar. Nawa kuɗin tasi zuwa can? Bai kai ɗari da hamsin ba. Ba ka taɓa zargin komai ba? Sai ya ce, cikin gaskiyarsa, ransa ya ɗan raya masa wani abu amma bai so ya tambaya ba. Rahoton shafi biyu ne, kuma wannan jimla ta ƙarshe ita ta gama da shi. A kotun tarayya akwai abin da ake kira rufe ido da gangan: alƙali zai iya gaya wa masu yanke hukunci, wato mutum goma sha biyun da ake zaɓa daga jama'a su yanke ko mutum ya yi laifi, cewa wanda ya yi zargi mai ƙarfi kuma ya ƙi bincikawa don kada ya sani, daidai yake da wanda ya sani. A wajenmu, wanda aka ba saƙo ya kai bai buɗe ba, mai amana ne, yabonsa ake yi. A gaban mutum goma sha biyu a kotun Manhattan, lauyan gwamnati zai ɗaga wannan amanar ya kira ta hujja. Kalmar "kaya" kaɗai na ga yadda aka yi da ita: mai fassara ya rubuta ma'anarta ta yau da kullum, jami'i ya hau kujerar shaida ya ce a gogewarsa ƙwaya ake nufi.

Kuma kada ku ɗauka jami'in da ke gabansa yana da ikon sakinsa. An riga an shigar da tuhuma, ba mai janye ta sai ofishin lauyan gwamnati da amincewar kotu. Doka ta yarda jami'i ya ce masa abokinsa ya riga ya tona komai ko da bai tona ba. Shi kuwa in tsoro ya sa ya rage yawan tafiye-tafiyen, ya ce sau biyu alhali bayanan waya sun nuna shida, ya sayi sabon laifi na yi wa jami'in tarayya ƙarya, mai ɗaurin har shekara biyar. Yanzu da yake da lauya, kundin tsarin mulki ya ba shi kariya daga tambayoyi a bayan idon lauyan. In shi da kansa ya aika a kira su, ya buɗe ƙofar da doka ta rufe masa. Na san manyanku alheri suke nufi, amma da al'adar fada suke auna abin, inda ake zuwa gaban mai gari a faɗi gaskiya a yafe wa juna. Baki shi ke yanka wuya, kuma ban ga inda maganar nan ta fi tabbata kamar ɗakin tambayoyin DEA ba.

Mai dala dubu goma sha biyar kuwa ɓarawo ne, ba ni da wani suna da zan kira shi. Babu wanda ke "kashe magana" a kotun tarayya. Kuɗin zai tafi, in kuma aka yi rashin sa'a ya tuntuɓi wani shaida da sunanku, an shiga laifin tsoma baki a shaida, mai ɗaurin har shekara ashirin. Irinsu ne ke yaɗa cewa lauyan da kotu ta bayar ɗan gwamnati ne. Lauyoyin kare marasa hali na tarayya da waɗanda ke cikin jerin kotu wannan aikin suke yi dare da rana, da yawansu sun fi lauyan unguwa da za ku biya tsada sanin kotun nesa ba kusa ba. Ku yi addu'a, ku yi sadaka, amma wanda ya ce zai ɗaure bakin alƙali in an biya shi, ku sallame shi.

Adadin giram 400 ba a banza aka rubuta shi ba. Shi ne mizanin da ke kawo ɗaurin dole na shekara goma zuwa rai da rai, giram 40 kuma shekara biyar zuwa arba'in. Babu sakin talala a tsarin tarayya, mai kyakkyawan hali yakan yi wajen kashi 85 cikin 100 na wa'adinsa. Amma ba a ɗora masa duk abin da mutum bakwai suka sayar haka kawai. Tun hukuncin Alleyne na 2013, adadin da ke kawo ɗaurin dole sai an tabbatar da shi a gaban masu yanke hukunci ko shi ya amsa, kuma a kotunan New York sai an nuna adadin abu ne da shi kansa ya sani ko zai iya hangowa. Nan lauya ke faɗa. Zai kuma duba ko an bi doka wajen izinin sauraron waya da binciken wayarsa, ko harkar ɗaya ce ko harkoki daban-daban aka cusa a tuhuma guda, da kuma abin da aka yi wa mai ba da shaida alkawari.

Akwai lokacin magana, amma da sharaɗi. In bai da tarihin laifi mai nauyi, babu bindiga ko tashin hankali, ba wanda ya mutu ko ya ji mummunan rauni, kuma ba shi ne jagora ba, sashe na 3553(f) na dokar hukunta laifuka ta tarayya ya ba alƙali damar sauka ƙasa da shekara goman, bayan ya faɗa wa gwamnati gaskiyar duk abin da ya sani. Wannan zama ana yin sa ne da lauya a gefe, da rubutacciyar yarjejeniya, bayan lauyan ya ga hujjojin da ke hannunsu. Kafin ya amsa kowane laifi kuma, dole a yi maganar takardunsa: safarar ƙwaya na cikin manyan laifukan da ke sa a kori mai katin zama daga ƙasar kusan babu makawa, kuma tun shari'ar Padilla ta 2010 wajibi ne lauya ya gaya masa haka.

Hana beli kada ya karya miki gwiwa. A irin wannan tuhuma doka tana fara ɗauka ne cewa a tsare mutum, sai ya kawo abin da zai kawar da zaton, kuma ana iya komawa gaban alƙali da sabon tsari. Aikin da za ki iya yi ke nan a wannan makon: ki nemo mutum biyu ko uku masu takardun zama da aiki tsayayye da za su sa hannu su tsaya masa, ki tattara takardun harajinsa, lasisin tasinsa, takardar hayar gida da bayanan tafiye-tafiyensa na aiki, ki miƙa wa lauyan hannu da hannu. Kada ki goge komai a wayarki, kada ki kira abokin nan ko iyalinsa. In Turancin ƙanenki bai nuna sosai ba, a nema masa tafinta na Hausa a kotu, haƙƙinsa ne kuma ba ya biyan ko sisi. Manyan nan kuma ki ce in da hali su zo kotu ranar sauraron belin su cika benci, alƙali yana ganin wanda ke da mutane a bayansa.